Ƙayar da Kawu Ya Janye

Laraba, 12 ga Maris, 1986

Alhamdu lillahi, Kawu Sale yana raye. Yau wani direba daga unguwar Sulay ya kawo kaset ɗinsa, bayan sati biyar babu labarinsa, Umma ba ta barcin kirki. Muka zauna gaban rikoda, Abba ya kunna.

Kawu ya ce a hanyar Chadi abin ya faru, inda ake yaƙi. Ya ga an tare gefen hanya da ƙaya, ya ɗauka shingen makiyaya ne. Ya sauka daga mota ya janye ta, don ya yi salla a inuwa. Ashe mutanen ƙauyen ne suka sa, alamar an binne nakiya a wurin. Taku uku ya yi, nakiyar ta tashi. An yanke ƙafar hagu daga gwiwa.

Umma tana kuka, sai ga muryarsa: "Yaya, na san kuka kike yi, ki daina. Yanzu ƙafa ɗaya nake wankewa, ina riga kowa gama alwala." Ta yi dariya da hawayenta.

Sannan ya kira sunana. "Hadiza, an ce Larabcinki ya fi Hausarki. Ki rubuto min gargaɗi da Larabci, a liƙa a tasha direbobin can su karanta. Kada a taɓa ƙaya, kada a bar sawun taya."

Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Sau huɗu na kwafa kafin rubutun ya miƙe. Gobe Abba zai kai gidan waya. Na yi haruffan manya-manya, don mai sauri ma ya gani.