Gurbin da Mama Ta Bar Maka

Cape Town,
Afirka ta Kudu.

Zuwa ga yayana Rushdien,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Galiema da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Ostireliya. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana Moegsien ya samu sauƙin ciwon bayansa, ni kuma ina nan ina fama da tuyar fanken nan namu na koesister duk safiyar Lahadi, wanda ka ce nawa bai kai na Mama ba, alhali rabonka da ɗanɗana shi tun kanka na da gashi.

Yaya, abin da ya sa na rubuto maimakon in kira, in na kira katse ni kake yi. Ranar Asabar mun kai Mama gidan tarihin da aka yi domin tsohuwar unguwarmu. Ka san shekara da shekaru tana cewa ba za ta je kallon gidanta a jikin bango kamar baƙuwa ba. Shamiela, autata, ita ta shawo kanta, ta ce kakar kowa a ajinsu ta je ban da tata.

Muna shiga muka tarar da hotunan motocin rusau, da allunan nan na "Farare Kaɗai" irin wanda aka kafa mana a bakin teku, har da hoton ranar da gwamnatin wariyar launin fata ta loda mutane a manyan motoci ta watsar da mu bayan gari. Ni dai na tsaya ina bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Mama ko kallo ba su ishe ta ba. Abin da ya tsayar da ita taswirar unguwar ce, an shimfiɗa ta a ƙasa ta cika zauren, ga tituna da sunayensu, kuma duk wanda aka kora yana iya rubuta sunan iyalinsa a inda gidansu yake.

Wallahi da kana nan da ka yi dariya har da hawaye. Kowa yana taka taswirar yadda ya ga dama, amma Mama ta ƙi ratsa gidan kowa. Titi ta bi da sandarta, ta sha kwanar masallaci, ta wuce shagon mai kifi tana mitar cewa har ya mutu bai gyara sikelinsa ba. Ta iske wani dogon Bature mai kyamara, ta taɓa masa ƙafa da sanda ta ce ya matsa, a tsakiyar kicin ɗin Anti Doreen maƙwabciyarmu yake tsaye. Bawan Allah ya yi tsalle gefe yana ba da haƙuri.

Da ta iso wurin gidanmu sai ta tsaya, ta dafa kafaɗata ta tuɓe takalmanta. Na ce mata ƙasan da sanyi. Ta harare ni, ta ce ko na manta ba a shigar mata gida da takalmi, mu ma mu cire. Haka muka tsaya mu uku ba takalmi a kan wurin da bai fi faɗin tabarmar salla ba. Ta yi sallama a hankali kamar akwai mai amsawa. A nan na kasa riƙe kukana.

Aka kawo mata alƙalami, muka taimaka mata ta durƙusa. Ta ƙi yarda kowa ya rubuta mata. Ta sa sunan marigayi Baba, ta sa nata, sai ta aza yatsunta huɗu a ƙasa ta tsallake su, sannan ta rubuta nawa. Shamiela ta ce ta manta da Kawu. Mama ta ce ba ta manta ba. Ta ce ranar da aka rushe gidan kai kaɗai ka ƙi hawa mota, ka rungume ƙofa sai da Baba ya ɓamɓare ka, don haka ba wanda zai mayar da kai gidan nan sai ƙafarka. Ta ce ta bar wuri da yawa saboda rubutunka ƙato ne kamar kanka.

Na san rantsuwar da ka yi cewa ba za ka ƙara taka ƙasar nan ba, kuma ban taɓa ganin laifinka ba. Amma Yaya, waɗanda ka yi wa fushin yanzu hotuna ne a bango. Wadda take jiranka tana da rai, kuma likita ya ce zuciyarta ta gaji ƙwarai. Ban gaya maka a waya ba don ta hana ni. Ina kewarka, mai taurin kai. Ka yi kaffara ka taho kafin azumi, ɗakin Shamiela na nan za mu gyara muku.

Ka gaida Anti Galiema, da yaranku Tauriq, da Nazli da jaririnta. Moegsien da Shamiela suna gaishe ku da kyau. Na tambayi Mama saƙonta, ta ce kar in kuskura in sa gaisuwarta a takarda, tana nan ta ajiye maka, ka zo ka karɓa da kanka.

Taka ƙanwa har kullum,
Gadija