Hoton Lemuel da Mai Katunan Yaƙi

Zuwa ga Yaya Thaddeus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da Cordelia da yara kuna lafiya a can Oregon, Allah ya ƙara muku ita. Mu nan Indiana sai godiya. An gama girbin masara, tarin Kawu Jethro ya yi sauƙi, Mama kuma ƙafa ce kawai ke damunta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani baƙo, wai shi Pruitt, mai bin gidaje da katunan babban zanen yaƙin basasa da ke Chicago, wanda aka ce ya zagaye ɗaki guda, kana tsaye a tsakiya kamar a fagen fama. Tun da na ga yadda yake goge ƙafa a bakin ƙofa yana leƙen bangon ɗaki, raina bai kwanta da shi ba. Ya sayar wa Mama kati ɗaya, ya nuna mata wani soja kwance kusa da ƙafar keken igwa, ya rantse mata cewa Yaya Lemuel ne da muka rasa a yaƙin, wai sunansa na wurin masu zanen. Fuskar ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya ƙara da cewa in ta ba shi hoton Lemuel da aka ɗauka a kan fallen ƙarfe, zai kai a gyara fuskar a jikin babban zanen, ranar Asabar zai zo karɓa. Ka san ba mu da wani hotonsa sai wannan.

In kana da kyau ka ƙara da wanka, sai na bi sawu. Na leƙa gidan Hepzibah, matar marigayi maƙeri, na tarar da katin a kan teburinta, ita ma an ce mata sojan mijinta ne. Gida uku na shiga, soja ɗaya, mamata uku. Wadda ta ba da nata hoton a cikinsu tun bazara har yau tana jiran ɗan aiken da zai dawo mata da shi.

Na dawo a fusace na zayyana wa Mama. Ba ta ko ɗaga kai daga saƙarta ba. Ta ce ita ta haifi Lemuel, ta san ba shi ba ne, amma tun da ba a kawo mata gawa ba, ba a nuna mata kabari ba, wannan ne karo na farko da wani ya sa yatsa ya ce mata ga inda ya faɗi. Yaya, sai na shiga kicin na yi kuka.

Duk da haka ban yarda da Asabar ɗin nan ba. Nauyin da ka ji a ambulan hoton Lemuel ne, ka adana shi. Jiya Mama ta ga firam ɗin babu komai, ta dube ni, ba ta tambaya ba. Da safe na ga ta sa katin a ciki.

Ka gaishe da Cordelia, da Enoch, da ƙaramar Minerva. Kawu Jethro na gaisuwa.

Ƙanwarka,
Orpha