Saura Buhu Uku

Gazawa, 18 ga Maris, 2021

Zuwa ga ƙanena Hayatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rukaiya da yara, ya tsare ku daga cutar nan da ta hana ku zuwa gida bara, ya sa albarka a nemanku a can Dakar. Mu nan muna lafiya, sai zafi da ya fara shigowa da ƙarfinsa. Inna da sauƙi, gwiwar ce dai ba ta barinta ta yi sallah a tsaye, amma bakin lafiyarsa lau, shekaranjiya ma sai da ta tsare mai nono da faɗa a kan ruwan da ta ƙara. Maigidana Malam Garba ya gama kai taki gona. Ɗana Abdurrahaman yana Maraɗi yana shirin jarabawa, ya rame kamar kara, ka sa shi a addu'a. Zaɓe ya wuce, an daina tashinmu da lasifika, kowa ya koma neman abin azumi. An ce farkon watan gobe za a rantsar da sabon shugaba, Allah ya sa a yi lafiya a gama lafiya.

Za ka yi mamakin ganin hoton rubutun hannuna a wayarka alhali ga saƙon murya. Na zaɓi biro ne don na san halin bakina. Da murya zan tura maka, da na faɗi abin da Rukaiya ba za ta so yara su ji ba. Biro kuwa yana ba mutum damar ya numfasa tsakanin kalma da kalma. Ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake layi yadda kake yi tun kana ɗan lakol a aji ɗaya.

Ni na roƙe ka, ban manta ba. Bara, da iyaka take rufe aya ta yi mana kwantai, ni na ce ka buɗe wa ƙungiyarmu ta mata shago a intanet irin wanda kake yi wa ƴan kasuwar can. Ka yi, ba ka karɓi ko dala ba, Allah ya saka maka. Mu ashirin da uku ne, bana mun tara buhu sittin da huɗu a mangaza, ɗakin ajiyarmu, muna jiran gabannin azumi, lokacin da masu kunun aya ke nemanta ido rufe. Makullin mangazar nan shekara tara yana hannuna. Ba don na fi kowa gona ba, buhu biyu kawai gare ni a ciki. Sun ba ni ne don na iya karatu kuma ba a taɓa kama ni da ƙarya ba.

To, a kwanakin nan da aka yanke mana intanet bayan zaɓe, kai ka zauna can ka yi wa shagon kwalliya ba tare da ka shawarci kowa ba. A ƙarƙashin hoton ayarmu ka dasa wani ƙaton maɓalli ja wur, wurin da mai saye zai danna, ka rubuta masa "Saya yanzu" da Hausa da Faransanci. A ƙasansa ka ƙara da cewa saura buhu uku kacal. A gefe kuma ka sa wani agogo mai lissafi da baya, kamar an ɗana nakiya. Ni ban gani ba, don da intanet ɗin ta dawo ina tsakiyar gyaran takardun ɗalibai, ban leƙa ba. Wadda ta fara gani Nusaiba ce, ɗiyar Gwaggo Shatu, mai aikin ungozoma a Agye. Da zuciya ɗaya ta kira uwarta tana yi mata barka, tana cewa ashe kaya sun ƙare, saura uku, sai a aiko mata da tukuici. Ka san Gwaggo tana da buhu goma sha ɗaya a ciki, ita ta fi kowa. Ka kuma san wannan ayar ita ce noman da ta yi da ƙugunta mai ciwo, tana zaune a ƙasa tana rairayar rairayi tun safe har la'asar. Sai ga ɗiyarta ta karanta mata a rubuce cewa an sayar da sittin da ɗaya, ita ko labari ba ta ji ba.

Ranar Talata da hantsi ina cikin aji ina bitar lissafi, direktan makarantarmu ya leƙo ya ce mini wasu mata na jirana a bakin ƙofa, ya ƙara da cewa gara in fita da sauri. Na tarar da su goma sha bakwai a gindin bishiyar bedi. Ba wadda ta ɗaga murya, kuma da sun yi ihu da ya fi mini sauƙi. Suka gaishe ni sama-sama irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Gwaggo ce ta yi magana, ta ce sun zo ne in raka su su ga kayansu. Na tambayi abin da ya faru, ta ce in na buɗe ƙofa ma ji. Muka ratsa gari a jere, ni a gaba da alli a hannu, su a baya, masu teburi suna kallo, ƴan kabu-kabu suna tambayar juna ko rasuwa aka yi. Na buɗe mangaza. Suka shiga suka ƙirga da hannunsu, kowace tana neman alamar da ta yi wa buhunta, wata zare ja, wata gawayi. Har da mai soka yatsa ta tabbatar aya ce ba tsakuwa ba. Sittin da huɗu cif, ko tiya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Na ɗauka shi ke nan, gaskiya ta yi halinta. Sai Gwaggo ta zauna a kan buhu ta dube ni, ta ce ta ga kaya kuma ta gode Allah, amma tana da tambaya. Ta ce tun da buhunan suna nan, ke nan abin da aka rubuta a waya ƙarya ne, kuma da sunan ƙungiya aka yi ta, da hotonmu a sama. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma a saninta wanda ya iya yi wa mutanen duniya ƙarya don ya sayar, ranar da ta matse shi zai iya yi wa na gida. Ta tambaye ni wa ya ba ni izinin in ari bakinta in yi ƙarya da shi, ita da ta kusa saba'in tana shirin kabari. Ban ce kai ne ba. Ni na kawo ka, kuma wanda ya jawo ruwa shi ruwa kan doka. Na ciro makullin daga jakata na miƙa mata, a raina ina jiran ta ce haba Raliya, riƙe abinki. Ba ta ce ba. Ta karɓa ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta tashi.

Ban gama da wannan ba sai na tuna da Alhaji Dogo na Gidan Rumji, wanda kowace shekara yake ɗaukar buhu talatin a wurinmu kafin azumi. Bana shiru. Ni da kaina na tura masa adireshin shagon kwanakin baya ina taƙama da ƙanena. Na kira shi. Ya ce ai ya duba, ya ga saura uku ga agogo yana gudu, ya ce a ransa ba zai tayar da mota tun daga Gidan Rumji don buhu uku ba, sai ya yi lodinsa a Cadawa tun makon jiya. Har addu'a ya yi mana, wai Allah ya ƙara kasuwa tun da bana mun sayar da wuri. Na ce amin, me zan ce?

Da na kira ka daren Talatar nan dariya ka fara yi. Ka ce Yaya ba ki gane ba, haka duk manyan shaguna suke yi, lambar ba ta motsi, kullum uku ce, dabara ce ta sa mai saye ya ji tsoron kada ta wuce shi. Ka ce an gwada a kan dubban mutane an ga ja ya fi kore jan hannu, kuma tun da ka sa maɓallin masu dannawa sun ninka. Ka turo mini takardu shafi arba'in in karanta in waye. To na karanta su tas, da jan biro a hannu, kuma ba zan zalunce su ba, akwai hankali a ciki. Sun ce maɓalli ya zama ɗaya kada a rikita mutum da biyar, gaskiya ne. Sun ce ya zama babba yadda babban yatsa zai same shi, ya kasance a sama inda ido zai fara sauka, kalmarsa ta faɗi ainihin abin da zai faru in an danna. Duk na yarda. Amma a shafi na sha tara, wanda nake zaton ka tsallake, su da kansu sun ce ka fara sanin wane ne mai sayenka. Dubban nan da aka gwada, takalmi ƙafa ɗaya suke saye ko turare kwalba ɗaya. Wanda yake son abu ɗaya, in ka ce masa saura uku, zai yi sauri. Wanda yake son talatin, in ka ce masa saura uku, ka sallame shi ne. Wannan ko ƴan ajina za su lissafa maka. Masu dannawar da suka ninka kuma, na duba, mutum shida ne suka nemi tiya ɗaiɗai daga Yamai, kuɗin mota ya fi kuɗin ayar. Dannawa ba ciniki ba ce, ƙanena.

Sannan ita kanta kalmar. Saya yanzu. Kai da ka tashi kana riƙe wa Baba bakin buhu a kasuwar garin nan, yaushe ka taɓa jin ya tari mutum ba sallama ba gaisuwa ya ce masa saya yanzu? Ko jandarma a shinge sai ya ce sannu kafin ya nemi takarda. Mai sayen buhu talatin so yake a gaisa, a tambayi iyali, ya ji ta bana ce ko ta bara, manya ce ko ƙanana, ya taya a ce albarka, ya ƙara a sallama. Kai ka ɗauke duk wannan ka sa masa agogo a ka. Kuma ka san abin da aka karantar da mu tun muna ƙanana game da ɗan kasuwar da ke sayar da kaya da ƙarya, kayan su tafi albarkar ta bi su. Mu namu ma kayan ba su tafi ba.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara nake nema ba. Ka cire agogon nan yau. Ka cire saura uku, in za ka sa lamba ka sa ta gaskiya, in ba za ka iya binta kullum ba ka bar wurin fili. Launin maɓallin bai dame ni ba, ka sa wanda za a gani a tsakar rana a kan waya mai fasasshen gilashi, don irinta ce a hannun mutanenmu. Ka rubuta masa "Yi magana da masu kaya", ka sa hoton kan waya a jiki saboda wanda bai iya karatu ba, in an danna ya kai mutum ga kira ko saƙon murya kai tsaye. A sama ka rubuta cewa akwai sari akwai tiya. Lambar da za ka sa kuma ba tawa ba ce yanzu. Ka sa ta Nusaiba kafin mata su tsayar da wadda suke so, don ba daidai ba ne a kira ni a kan kayan da ba ni da makullinsu.

Abu na ƙarshe shi ya fi nauyi. Juma'ar sama, bayan la'asar, ƙungiya za ta zauna a gidan Gwaggo a sake zaɓen mai riƙe makulli. Ban ce ka nemo mini kujera ba, in sun ba wata zan taya ta da rubutu kamar yadda aka taya ni. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in ci gaba da wucewa a garin nan ana cewa ga malamar da aka ƙirga wa buhu. Saboda haka ka yi saƙon murya, da Hausar gidanmu ba wadda kake haɗawa da Faransanci ba, ka gaishe su da sunansu, ka faɗa musu da bakinka cewa kai ka rubuta, ni ban sani ba, kuma ƙarya ce ba dabara ba. Kada ka yi musu bayanin dubban mutanen da aka gwada. Ka tura wa Nusaiba, ita za ta zo ta kunna a gabansu. Na rufa maka asiri ranar Talata don kai ƙanena ne, amma na kwana biyu ina tunani na ga rufin nan ni yake ci, kai kuma bai amfane ka da komai ba. Gwaggo ta goya ka wata bakwai lokacin da Inna ta yi jinya. In ka nemi gafararta ba ka faɗi ba.

Kada ka ɗauka na daina ƙaunarka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Fushi nake yi, kuma ina da dalili, zai wuce in ka yi abin da ya kamata.

Ka gaishe mini da Rukaiya da kyau, ka ce mata yajin da ta ce yana nan na daka, ina jiran mai zuwa. Ka shafa mini kan Shamsu da Fatima, ka ce wa Fatima na ga hoton rubutunta, ta fi ubanta iya ja da layi. Ka gaida maƙwabcinku Malam Haruna da iyalinsa. Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka, ba ta san komai ba kuma na hana a gaya mata. Malam Garba yana gaishe ka, haka Abdurrahaman, haka Tijjani da matarsa. Gwaggo Shatu ban sa ta cikin masu gaisuwa ba, don na je gidanta jiya na ce zan rubuta maka, ta ce to, ba ta ce a gaishe ka ba.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Raliya