Tayar Mota a Tsakar Gidana

Litinin, 9 ga Oktoba

Na dawo daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, murya ta dishe, yara saba'in da huɗu aji guda. Na iske maigidana, Baban Karima, ya ɗora baburinshi bisa bulo, ya kwance ƙafar baya. Ƙaton baburin nan da ya saya hannun wani injiniya da ya bar kamfanin siminti. Tayar ta cinye har zare ya fito. Ya neme ta nan Malbaza, ya je Konni, babu irinta. Iyakar ƙasa kuma rufe take. Bisa wurin shanyata ya baje ƙarafan. 

Laraba, 11

Wata bakwai ke nan da ya yi ritaya. Shekara ashirin da shida yana tuƙa motar siminti, yanzu daga tabarma sai masallaci. Ranar Asabar kaɗai yake komawa mutum, in zai tafi Tajaye gaida Inna, mahaifiyarshi. Asabar biyu bai je ba.

Jumma'a, 13

Ya shigo da tayar mota a kafaɗa. Ta mota! Wai ita zai sa ma babur. Na ce, "Malam, shekara sittin ba biyu, sai yanzu za ka fara wasa da ranka?" Ya ce wani direba ya faɗa mishi ana yi, ta fi ta babur daɗewa sau uku, ta fi kama rairayi. Na ce ga motocin kasuwa nan. Ya dube ni ya ce, "Ni za a cusa bayan mota tare da awaki?"

Asabar, 14

Omona ya ƙare, robar wankina ta yi baƙi. Wuni guda yana shafa ma bakin taya kumfa yana danna ta da ƙarfe. Ta shiga, amma ta ƙi zama daidai.

Talata, 17

Na gaji. Da aji, da gidan, da ƙarar guduma.

Alhamis, 19

Ya ɗauki ƙafar baburin ya kai ta Tsarnawa wurin Bashir mai faci. Da ya dawo har da dariya, abin da na daɗe ban ji ba. Wai Bashir ya shanya tayar a rana ta yi laushi, ya ɗaura mata doguwar tiyo, sunka ɓoye bayan katanga suna dura iska, don in ta fashe tana iya kashe mutum. Da ta zauna ta yi ƙara kamar bindiga, mai shayi ya zubar da butarshi. Yana ba ni labari yana dukan cinya. Ni abin da na ji kawai: tana iya kashe mutum.

Asabar, 21

Ya faɗi.

Ko garin bai bari ba. Kwanar bayan kasuwa, babur ya ƙi kwanciya, ya miƙe da shi cikin kwalbati. Maƙwabcinmu Yusha'u ya kawo shi a kekenshi na jaki. Gwiwar dama ta kwaile, kafaɗa ta kumbura, ƙashi dai lafiya, alhamdu lillahi. Na wanke ciwon da ruwan gishiri. Na shirya duk maganar da zan faɗa mishi, tun daga ranar da tayar ta shigo. Sai ya riga ni. Ya ce, "Zalika, ke ce da gaskiya. A sayar da shi." Ya juya fuska ga bango.

Na yi nasara ke nan, ko?

Litinin, 23

Ba ya fita ko ƙofa. Tuwon jiya ya dawo yadda na kai shi. Inna ta sa an kira waya daga Tajaye, ta ce ko ya manta hanya ne. Ya ce in gaya mata yana barci. Idonshi biyu, yana kallon rufi. Shekara talatin ban taɓa jin ya ƙi amsa mata ba.

Gidan ya yi tsit, tsakar gida fes. Abin da nake so ke nan ai.

Laraba, 25

Na kai takardun ajinmu buro, ofishin ilimi, a Konni. Da dawowa na ce ma direba ya sauke ni Tsarnawa. Ban shirya ba, bakina ne ya faɗa.

Na sami Bashir ƙarƙashin ɗalbejiya. Na ce ni ce iyalin Malam Iliyasu. Da ya ji abin da ya faru ya dafe kai. Ya ce, "Madam, ya rage iskar kuwa? Wadda munka dura ta zaunar da taya ce kawai, ta yi yawa ga tafiya. Na ce ya rage, yana ta murna bai saurare ni ba." Na tambaya ko in an rage shi ke nan. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, tayar mota faɗi gare ta, ba za ta taɓa son kwana kamar ta babur ba. Sai mutum ya sassauta, ya koyi tuƙi sabo. Ya rubuta mini lambar iskar a bayan ambulan.

Har na shiga mota ina cewa zan yaga ambulan ɗin.

Alhamis, 26

Na aje ambulan ɗin ƙarƙashin kofin kununshi na tafi lakwal. Da na dawo yana tsugune bayan babur, ƙafa ɗaya miƙe saboda ciwon, iska na fita tsiii. Bai ɗago ba. Ya ce, "Har Tsarnawa kinka je?" Na ce hanya ce ta bi da ni.

Ya ce sai kafaɗar ta warke, kuma zai fara da filin ƙwallo, a hankali. Na ce ba ruwana.

Na dai auna ma Inna gero tiya biyu, na sa a ƙaramin buhu, wanda zai ɗauru a baya.