Huji na Huɗu

Zuwa ga ƙanwata Maxine,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar taki, yaya maigidan da jikoki? Nan Kansas sanyi ya fara shigowa. Ni kuwa ina nan inda kamfani ya yar da ni: injiniya mai digiri biyu, yau ɗan riƙe fitila a garejin Arlen.

Kin tuna Arlen, abokina tun firamare. Ƙaramin jirgin saman da ya sayo a akwatuna muke haɗawa ya kai ga ɗora wutsiya. Noti huɗu ne za su riƙe ta a jikin sandunan alminiyam biyu da suka taso tun daga kujerar matuƙi, kuma kowane huji sau ɗaya ake yin sa. Na ce mu sake aunawa. Ya ce kai Farfesa, da kai aka ba aikin jirgin Nuhu, da har yau ana awo a ƙarƙashin ruwa.

Gaggawarsa da dalili. Idonsa na dushewa, izinin tuƙin da likita ya ba shi zai ƙare da bazara, ya kuma san ba za a sabunta ba.

Ki gaida kowa.
Yayanki, Wendell

Maxine,

Da fatan kina lafiya. Ni abinci ma ba ya shiga.

Ranar da na je cire haƙori Arlen ya huda shi kaɗai. Uku sun yi kyau. Na huɗun ya zame ya faɗa dab da bakin sandar, ƙarfen da ya rage bai fi kaurin farce ba. Sai ya rufe da babbar washa, faifan ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti, ya ɗaure. Girman washar ne ya sa na kwance na gani. Irin wannan wuri ba a ƙasa yake tsagewa ba, sai jirgi ya sha girgiza a sama.

Maganinsa a canza sandar gaba ɗaya, a cire ƙusoshi ɗaruruwa, aikin da zai kai mu har bayan bazarar. Da na faɗa masa, ya yi dariya ya ce jirgi ba ya karanta littafi, ni ne dai karatu ya hana ni komai a duniya. Da ya ga ban yi dariya ba, ya kama hannuna ya ce in bar masa wannan ɗaya tak, bai taɓa roƙona komai ba. Gaskiya ne, bai taɓa ba.

Ran Asabar mai dubawa na ƙungiyar masu haɗa jirage zai zo. Mutumin kirki ne, kofi da kek yake so, ba zai kwance noti ba. Matar Arlen, Doreen, na can tana ɗinka rigunan kujeru. Kujeru biyu, Maxine. Ta ce ita ce fasinja ta farko.

Ki sa ni a addu'a, ko da yake kin san ra'ayina a kanta.
Wendell

Ƙanwata,

Na gode da wasiƙarki, Allah ya ƙara wa gwiwar sauƙi. Kin ce in gaya wa mai dubawa. Na yi tunanin haka, amma na san Arlen da daɗin baki. Kafin kofi ya huce sun daidaita a kan ɗan faci.

Asabar da safe, kafin mai dubawa ya iso, na ɗauki zarto na yanke sandar gida biyu, Arlen na tsaye yana kallo. Bai hana ni ba. Da na gama ya ce ashe kamfani ya san abin da ya kora. Ya miƙo hannu, na ba shi makullin garejin.

Doreen ta ce wa mutanen coci hassada ce. Ban gyara mata ba. In Arlen ya ga dama ya gaya mata da bakinsa.

Jiya na hango shi a bakin kantin magani. Ya tsallaka titi don kada mu gaisa. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana, yana ɗan ɗingishinsa na kullum, yana zagin wata mota da ta kusa taka shi. Muryarsa garau.

Ki gaida jikoki.
Naki, Wendell