Kakiden Ragon Layya

Lugbe, Abuja

Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Kubra da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau, sai dai hawa benen ofis ya fara sa ni haki. Da aka auna jinina, likita ta ce kitse ya yi yawa a ciki, irin mai toshe jijiyoyin zuciya. Ta tambaya ko wani ya taɓa yanke jiki ya faɗi a gidanmu. Nan take na tuna Baba.

Shekara goma sha ɗaya ina aiko masa da rago mafi ƙiba. Ku soya, ku tara kakiden a gwangwani, a yi ta zuba masa a tuwo wata da watanni, wai girmamawa. Da ya dafe ƙirji ya faɗi a gona, kuka ce jifansa aka yi, kuka daina gaida Kawu Manniru. Ni da digirina biyu na yi shiru. Haushin kaina ya fi naku.

Kubra ta ce yanzu kai ake zuba wa, kuma sai ka huta a hanya kafin ka kai masallaci. Kada ka ce mini ciwon 'yan birni ne. Baba da fartanya a hannu ya tafi.

Don Allah ranar kasuwa ka je asibiti a auna ka. Na rasa Baba ina ganin kyautata masa nake yi. Kada ka sa in rasa ka ina sane.

Ƙanwarka,
Rumasa'u