Iskar Dawowa daga Tunga

Juma'a, 18 ga Nuwamba, 2022

Sun yanke mini hanya. Yau da muka dawo muna zaune wajen mai shayi, Zainul'abidin ya miƙe ya ce daga mako mai zuwa ƙungiyar kekenmu ba za ta ƙara zuwa Tunga ba, a Salha za a riƙa juyowa. Salha! Ko zufa ba ta fara tsattsafo wa mutum a Salha. Wai don sababbin shiga. Duk suka sunkuyar da kai cikin kofunansu, alamar an gama maganar tuntuni a bayan idona.

Ni na fitar da hanyar nan. Shekara ashirin da uku ke nan, ni kaɗai, a kan wani tsohon keken ƙarfe. Ka tashi daga unguwarmu Umbadda, nan Umdurman, bayan asuba, ka bi kwalta kudu, ka bar Salha a baya, ka wuce gonakin albasa, ka gangara bakin Farin Nilu inda masuntanmu Hausawa suka kafa tunga. Kilomita arba'in da biyu zuwa, haka dawowa, kuma a samu Juma'a a gida. Na san kowane rami a kwaltar nan. Zain ɗin da yake yi mini jawabi, ni na koya masa zama a sirdi, ni na ɗinka rigar da ke jikinsa. Yanzu ya yi gemu, ya zama shugaba.

Na ce, "Wa ya gaji? Nuna mini shi." Ya ce, "Ya ammu," wato kawu da Larabcin nan, "ma'alesh, yi haƙuri, bari iskar arewa ta kwanta tukuna." Na bar masa shayin a wurin.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Allura biyu na karya yau a shago. Wani ya kawo jallabiya a rage masa tsawo, na rage har ta wuce.

Litinin, 21 ga Nuwamba

Ashe daga cikin gidana ne. Wafa'a ce ta kira Zain a waya. 'Yar cikina! Don tana aikin jinya a asibiti sai ta ɗauka kowa majinyaci ne. Wai ta ga na dafa bango ranar da muka dawo, kwana goma ke nan. Jiri ne na minti ɗaya, ban karya kumallo da kyau ba. Ta ce, "Yaba," wato baba, "shekararka sittin da ɗaya, kuma jininka ya hau." Na ce jinina ya hau ne saboda masu kai ƙarata waje.

Ba su san kome ba. Ƙa'idar tafiyar nan ni na kafa ta: a jere ake tafiya, na gaba ya sha iska, na baya su fake. In na gaba ya gaji ya kaɗa gwiwar hannu, na bayansa ya karɓa. Ba a barin kowa shi kaɗai cikin iska. A shekara ashirin da uku gwiwar hannuna ba ta taɓa kaɗawa ba. Tun sanyin bara dai suka roƙe ni in riƙa zama tsakiya a dawowa, don in duba yadda sababbi ke taka feda. Na yarda, aikin malami ne. Mutumin da yake koyar da wasu shi za a yanke wa hanya?

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Na wanke sarƙa, na ƙara iska a taya. Gobe su juya a Salha. Ni Tunga za ni.

Asabar, 26 ga Nuwamba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Zuwa kam ba magana. Iska a bayana, keke yana tafiya kamar da inji. Na wuce Salha ina dariya ni kaɗai, har na ɗaga wa masu raƙuma hannu. Kafin rana ta yi zafi ina Tunga. Kogi ya cika, jirage a kife a bakin yashi, ana gyaran taru.

Bakhita na gindin rumfarta tana suyar kifi kamar kullum. Shekara ashirin ina cin kifin matar nan. Ta leƙa bayana, ta sake leƙawa. Ta ce, "Usta Ishaku," haka ake kiran gwanin sana'a a nan, "ina 'ya'yanka?" Na ce yau sun yi lalaci. Sai ta aje matsamin hannunta ta ce, "To wa zai tare maka iska?"

Na ce me ta ce?

Ita ba ta san asiri ba ne, shi ya sa ta saki baki. Wai tun bara, duk lokacin da na sauka bakin ruwa wanke fuska, sai Zain ya tara su ya rarraba: ku biyu gaban ammu, kai ta gefen kogi, kai a bayansa, kada wanda ya yi sauri. Kuma a riƙa yi masa tambaya a kan feda don ya ji daɗi. Tana faɗi tana murmushi, wai 'ya'yan kirki ne, Allah ya yi musu albarka.

Na ture kifin gefe. Wato shekara guda ana ɗauke da ni kamar ƙwai a faranti, ni kuwa ina ta surutu, ina gyara wa mutane ƙafa. Suna cewa "na'am ya ammu", ashe dariya suke yi a ciki. Ko ma tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo.

Ta ce in jira boksin kifi, motar da ke kai kifinsu kasuwar Umdurman, za ta tashi da hantsi. Na ce ni ba kifi ba ne. Na hau keke.

Abin da ya biyo baya ba na son rubuta shi, amma littafin nan nawa ne. Ina hawowa kwalta iska ta tare ni a ƙirji. Iskar da na sani ce, ba ta ƙaru da kome ba. Na sauke giyar keken, na ƙara saukewa, har ba sauran ta saukewa. Wajen gonakin albasa feda ta fara gagarata. Ruwa ya ƙare. Na ga kwalta tana lilo. Na sauka na zauna gindin wata ƙaya, kaina tsakanin gwiwoyina, ina jin bugun zuciyata a kunne. Na ji tsoro. Na rubuta, na ji tsoro, na tuna Wafa'a.

Boksin kifin nan da na raina shi ya tsince ni. Direban ya ɗaga keken ya ɗora kan kwanduna, ni ma na hau can. Muka tsaya sauke kaya wuri uku. Muna shiga Umdurman ana sallame Juma'a. Tun da na balaga ban taɓa rasa Juma'a ina da lafiya ba.

Na shigo gida ina ƙarnin kifi. Wafa'a ta dube ni, ta dubi keken, ta tafi ta ɗora ruwan zafi. Da ma ta yi faɗa.

Lahadi, 27 ga Nuwamba

Zain ya kira sau huɗu. Ya ci gaba da kira.

Laraba, 30 ga Nuwamba

Munafukai. Duk cikinsu ba mai ƙarfin halin da zai dube ni ya ce ammu ka tsufa. Da sun faɗa da na zage su, mu wuce wurin.

Wafa'a ta aje ƙwayar hawan jini kusa da kofin shayina. Na sha don kada ta ɓata, tsada gare ta.

Juma'a, 2 ga Disamba

Ban fita ba. Na ji ƙarar sarƙoƙinsu sun wuce ta bakin layinmu, sun ɗan rage gudu a ƙofar gida. Na juya wa bango fuska.

Talata, 6 ga Disamba

Zain ya zo shago da rigar ƙungiya wai ta yage a hammata. Da gani da almakashi aka yanka ta, ni za a koya wa yagewar riga? Na karɓa na hau ɗinki ban ba shi kujera ba.

Na ce, "Kun mai da ni abin wasa." Ya ce, "Ammu, ka tuna ranar da na ƙare a gonakin albasa ina shekara goma sha tara? Ka dafa bayana da hannu kana tura ni har Salha. Ka nemi izinina?" Na ce wannan daban. Ya ce ta ina? Na ce ya yi mini shiru, ina aiki.

Da zai tafi na ce in ana son ganina Juma'a, a koma Tunga, kuma ni zan ja gaba in mun taso. Ya ce ya yarda, Wafa'a ma ya san za ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: ƙa'idar da na kafa ta hau kaina kamar kowa. Na ce ya ɗauki rigarsa ya ba ni wuri.

Yaron nan ba shi da kunya. A wurina ya koya.

Juma'a, 9 ga Disamba

Mun je Tunga, mu goma sha ɗaya. Bakhita ta ƙara mini kan kifi, ta kasa haɗa ido da ni. Ban sauka wanke fuska ba, na zauna ina kallonsu, ba wanda ya rarraba kowa.

Da muka taso na ja gaba. Iska tana nan yadda na bar ta. Na riƙe kilomita ɗaya, wataƙila da ɗan ɗori. Ƙarar tayoyinsu na bi na a baya.

Wajen tankin ruwa na farko da ke bakin kwalta gwiwar hannuna ta dama ta motsa. Ina jin ƙuda ne ya sauka mini. Zain dai ya wuce ta gefena bai dube ni ba, ya shiga gabana, na manne wa tayarsa ta baya. Ya iya riƙe layi, ba laifi. Ƙafarsa ta hagu har yanzu tana ɗan buɗewa, zan gaya masa mako mai zuwa.

Mun samu Juma'a, sahu na uku.